Neman Shawara: Ɗana Mai Jifa A Besbol Yana Kukan Gwiwar Hannu

Baban Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wasan besbol a cikinmu. A Bronx, cikin birnin New York na Amurka, muke zaune. Ɗana shekararsa 12, shi ne mai jifa a ƙungiyar Little League (gasar besbol ta yara) ta unguwarmu. Bana wani koci ya gan shi ya ɗauke shi a wata ƙungiyar da ke yawon gasa gari-gari a ƙarshen mako, sai ya zama yana buga wa biyu. Asabar ɗin nan ya yi jifa 72 a ƙungiyar yawon, ran Litinin ya ƙara 45 a ta unguwa. Ranar da ba shi ke jifa ba, shi ake tsugunarwa a baya yana cafe ƙwallo, wai yana da hannu.

Kusan mako biyu ke nan yana kukan gwiwar hannunsa na dama, daidai ɗan ƙashin nan da ya turo ta ciki, ɓangaren da ke gogar haƙarƙari. In na danna wurin sai ya fizge hannu. Kocin ya ce gajiya ce kawai, a ɗora ƙanƙara a ba shi burufen, don akwai babbar gasa nan da kwana goma. Mahaifiyarsa kuma man zafi take shafa masa da dare. Shin in bar shi ya buga gasar? Kuma jifa nawa ne ya dace da yaro kamarsa?

Maman Hanifa (mai aikin gashin ƙashi):
Wa alaikumus salam Baban Abba. Allah ya ba shi lafiya. Daga yau ya ajiye ƙwallo, ko jifan bango a bayan gida kada ya yi, har sai likita ya gan shi. Maganar gasar nan a cire ta.

Wurin da ka kwatanta ba tsoka ba ce. A yaro mai tasowa, wannan ɗan ƙashin bai gama haɗewa da babban ƙashin damtse ba, guringuntsi ne a tsakaninsu, kuma a maza galibi sai wajen shekara 15 zuwa 17 yake rufewa. A jikinsa ne jijiyar da ke riƙe gwiwa ta ciki take maƙale, tare da tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu. Duk lokacin da mai jifa ya kai hannu baya zai wurgo ƙwallo, cikin gwiwar buɗewa yake son yi, sai jijiyar ta ja ƙashin. Kamar akuya ce a turke: in ƙasa ta yi tauri igiya ce ke tsinkewa, in ƙasar a jiƙe take turken ne ke tumɓukewa. Babban mutum jijiyarsa ce ke yagewa, yaro kuwa guringuntsin ne ke buɗewa. Abin ya yi yawa har likitocin Amurka sun sa wa ciwon sunan Little League ɗin.

Ku je wurin likitan ƙashi na yara ko na 'yan wasa. Zai yi hoton ƙashi, sau da yawa na gwiwa biyun, don ya gwada faɗin guringuntsin mai ciwo da na ɗaya hannun. In kumburi ne kawai, maganinsa hutu daga jifa na mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, tare da motsa jiki. In aka ci gaba da jifa a kansa, jifa ɗaya na iya ɓalle ƙashin gaba ɗaya, kuma in ya gusa da yawa sai tiyata a ɗaure shi da ƙusa.

Kafin ranar ganin likita, ka sa shi ya miƙe hannu biyu a gabanka, tafi na kallon sama. In na daman bai miƙe tas kamar na hagu ba, ka gaya wa likita. Haka in wurin ya kumbura, ko ya taɓa jin wani abu ya yi ƙas, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, ko gwiwar na maƙalewa. In da ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira mako.

Burufen kafin wasa kuskure ne babba. Zafin shi ne ke hana shi ƙarasa ɓarnar, in aka kashe shi ba abin da zai tsayar da yaron. Ƙanƙara na minti 15 tana rage raɗaɗi, amma ba ta warkar da guringuntsi. Ki yi haƙuri Maman Abba, man zafin ma haka, kuma kada a murza wurin da ƙarfi ko a ja hannun irin na masu ɗori.

Malam Koci:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne. Ni lissafin zan ba ka, don a nan aka yi wa yaron ba daidai ba.

Tun 2007 Little League ke ƙirga jifa ɗaya-ɗaya. Iyakar rana guda: ɗan shekara 9 zuwa 10 jifa 75, ɗan 11 zuwa 12 jifa 85, ɗan 13 zuwa 16 jifa 95. To 72 bai wuce iyaka ba. Matsalar tana wajen hutu. Ga ɗan shekara 14 zuwa ƙasa, jifa 1 zuwa 20 ba ya buƙatar hutu, 21 zuwa 35 kwana 1, 36 zuwa 50 kwana 2, 51 zuwa 65 kwana 3, 66 zuwa sama kwana 4. Cikakkun ranaku ake nufi, ranar wasan ba ta ciki. Wanda ya yi 72 ran Asabar zai huta Lahadi, Litinin, Talata da Laraba, sai Alhamis ya hau tudu, wato wurin da mai jifa ke tsayawa. Naka ya hau ran Litinin da jifa 45.

Ba lallai kocin unguwa ya san abin da ya faru ran Asabar ba. Kowace ƙungiya littafinta take dubawa, kuma wasu gasannin yawon zagaye suke ƙirgawa (zagaye na ƙarewa ne in an fitar da masu bugu uku), ba jifa ba, alhali zagaye ɗaya na iya cin jifa 10 ko 35. Littafi biyu ne, hannun kuwa ɗaya, kuma babu wanda ke ganin wasannin duka in ba kai ba.

Sai maganar cafewa. Mai cafe shi ne na biyu a yawan jifa a fili, domin kusan duk ƙwallon da aka jefo masa sai ya mayar, ga wurgi da ƙarfi zuwa tasha ta biyu (cikin wuraren da masu gudu ke takawa) in abokin hamayya ya zo satar ta. Shi ya sa dokar ta ce wanda ya yi jifa 41 ko fiye ba zai tsuguna ya cafe ba a ranar, wanda kuma ya cafe zagaye huɗu ba zai yi jifa ba a ranar. Abin da kuka ɗauka ranar hutunsa ce, ranar aiki ce.

Alhaji Baban Sadiq:
Ƙari a kan na Malam Koci, a dubi shekara gaba ɗaya, ba mako kaɗai ba. Cibiyar binciken lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama, wadda Dakta James Andrews ya kafa, ta bi yara masu jifa 481 tsawon shekara goma, aka fitar da sakamakon a 2011. Waɗanda suka wuce zagaye 100 a shekara, haɗarin mummunan rauni ya ninka musu sau uku da rabi. A wani binciken nasu na 2006, matasan da ke jifa fiye da wata 8 a shekara sun ninka saura sau 5 wajen kaiwa ga tiyata, masu yawan jifa da gajiyayyen hannu kuwa sau 36. Wannan na ƙarshen ya isa a tsaya a yi tunani.

A kan irin wannan ne MLB (babbar gasar ƙwararru) da USA Baseball (hukumar besbol ta Amurka) suka fitar da tsarin kare hannun yara masu jifa mai suna Pitch Smart a 2014. Ga ɗan 9 zuwa 12: kada ya wuce zagaye 80 cikin wata 12, ya huta da jifa wata 4 a shekara, 2 zuwa 3 daga ciki a jere, kuma kada ya buga wa ƙungiya biyu a lokaci guda. A garinku sanyi da kansa yana ba da wannan hutun daga Nuwamba zuwa Janairu, sai dai yanzu ɗakunan atisaye na cikin gida sun cinye shi. A watannin nan ku sa shi ƙwallon ƙafa ko ta kwando.

Baban Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu ganin likita ran Juma'a. Wani abokina ya ce jifa mai lanƙwasa da aka fara koya masa ne ya jawo. Sannan kocin yawon ya taɓa cewa ko jijiyar ta tsinke akwai aikin Tommy John, wai har ƙarfi ake ƙarawa bayansa. Gaskiya ne?

Alhaji Baban Sadiq:
Jifa mai lanƙwasa an daɗe ana ɗora masa laifi, amma da aka auna a ɗakin gwaji ba a ga ya fi miƙaƙƙen jifa mai gudu matsa wa gwiwa ba. Yawa da gajiya su ne manyan masu laifi. Duk da haka Pitch Smart ta ce ɗan shekara 12 ya tsaya a kan biyu: mai gudu, da na yaudara wanda ake rage masa gudu ta hanyar riƙo. Ni ma ra'ayina ke nan, domin yaron da lanƙwasarsa ke fitar da mutane, koci ba ya son sauke shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na'urar auna gudu. Yaro na ganin an ɗaga ta sai ya zuba duk ƙarfinsa a kowane jifa. Haka ƙwallaye masu nauyi da ake tallatawa. Ƙwallon wasa gram 142 zuwa 149 ce. A wani gwaji na 2018 an sa matasa atisaye da masu nauyi na mako 6, gudunsu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, amma kusan ɗaya cikin huɗu ya ji rauni, alhali a waɗanda ba su yi ba babu ko ɗaya. Yaron da guringuntsinsa bai rufe ba, ba ruwansa da su.

Maman Hanifa:
Maganar kocin nan ta ɓata mini rai. Aikin da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa wani ƙwararren mai jifa mai suna Tommy John a 1974 shi ne a ciro jijiya daga wani wuri, galibi gaban hannu, a huda ƙashi biyu a zura ta a madadin wadda ta yage. Jinyarsa wata 12 zuwa 18 ce, kuma ko a ƙwararru ba kowa ke komawa yadda yake ba. Wanda ka ga gudunsa ya ƙaru, shekarar da ya kwashe yana gina kafaɗa da ƙugu ce ta ƙara, ba wuƙa ba. Kuma ba aikin da ake so a yi wa ɗan shekara 12 ba ne.

Ga yadda dawowa take in likita ya sallame shi. Sharaɗi uku kafin ya taɓa ƙwallo: a danna wurin bai ji komai ba, gwiwa na miƙewa da lanƙwashewa daidai da ɗayar, ƙarfin hannun ya dawo. A makonnin hutun ba zama zai yi ba. Zai riƙa jan robar atisaye mai laushi, gwiwa manne da haƙarƙari, yana juya hannu waje da ciki, sau 10 zuwa 15, zubi biyu, kwana uku a mako. Sai motsa tsokar allon kafaɗa, lanƙwasa wuyan hannu da nauyin da bai wuce kilo ɗaya ba, tsuguno, da tsayuwa a ƙafa ɗaya. Kaso mai yawa na ƙarfin jifa daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, in sun yi rauni gwiwar hannu ce ke biyan bashin.

Jifan kuma a fili zai fara, ba a tudu ba. Tazarar ƙafa 30, jifa 25 a hankali ƙwallon na yin baka, ya huta minti 10, ya ƙara 25. Yau jifa, gobe hutu. In ya yi mataki sau biyu ba ciwo, ya matsa ƙafa 45, sannan 60, sannan 90. In ciwo ya kai washegari, ya ƙara kwana ɗaya ya maimaita matakin. In ya taso ana cikin jifa, a tsaya nan take, kwana biyu, a koma matakin baya. Bayan nan ne zai hau tudu a tazarar ƙafa 46 ta Little League, miƙaƙƙen jifa kaɗai, da rabin ƙarfi, sai kashi uku cikin huɗu, sai cikakke. Wannan kaɗai kan ci wata guda ko fiye, ban da hutun farko. Yawancin masu komawa gidan jiya a nan suke gaggawa, domin ciwon kan ɓace tun kafin wurin ya warke.

Malam Koci:
Baban Abba, in ya dawo, ƙungiya ɗaya ce za ta riƙa sa shi jifa, ku zaɓa. Cafewa kuma a bar wa wani, a ranakun hutunsa ya tsaya tasha ta farko inda jifa ya fi ƙaranci. Wasanninsa na farko ka ce wa koci jifa 25 zuwa 30, a riƙa ƙara kamar 10 a mako.

Ka sayi ɗan abin ƙirgen nan da ake dannawa da babban yatsa, ko ka buɗe shafi a waya. Kwanan wata, jifa nawa, ranar da zai iya sake hawa. Ka rubuta har na ɗumama hannu da na darasin koyarwa, don littafin gasa ba ya ƙirga su. Kafin kowane wasa ka tura wa koci adadin a rubuce.

Kuma kada ka jira adadi ya cika, ko yaron ya yi magana, don ba zai faɗa ba, tsoron rasa gurbinsa yake. Ka zauna ta gefen fili, ba bayan raga ba, ka kalli gwiwar hannunsa. In ta fara sauka ƙasa da kafaɗa, ƙwallo na tashi sama, yana yarfe hannu ko yana jan lokaci tsakanin jifa da jifa, ya gaji ko da a jifa na 40 yake. Zagayen da ya ci jifa 30 ma dalili ne na sauke shi. Ran Juma'a ka nemi likita ya rubuta maka takarda mai ranar da aka hana jifa da ranar da za a sake duba shi, ka ba kowane koci kwafi ɗaya.