An taɓa katse ka kana tsakiyar ɗuri?

Baban Hafsa (Kentaki)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani abu ya same ni ranar Asabar a filin gasar harbi a nan Amurka, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Na kawo shi nan ne don in ji ko akwai wanda ya taɓa shiga irinsa, da kuma yadda ya yi.

Saboda 'yan'uwanmu na gida da ba su san wasan ba: bindigar da muke gasa da ita ta baki ake ɗura mata, kamar dai bindigar toka. Ka zuba albarushi, ka sa harsashi, ka danna shi da sanda har ya zauna. Bambancin shi ne tamu an ƙera ta ne musamman don albarushi mara hayaƙi, irin na cikin harsashin zamani. Tawa wani maƙerin bindiga ne ya haɗa mini ita a kan gangar jikin bindigar zamani Remington 700, da bututu mai faɗin inci .45 da madubin saiti. A benci ake zama, a harbi takarda a yadi 100, 200 har 300, sannan a auna yadda hujojin suka kusanci juna.

Na gayyaci wani dattijo da muke salla tare ya zo kallo. Ya iso ina kan harbi na huɗu, na riga na juye albarushi a bututu. Ya yi sallama, ya miƙo hannu. Mutum ne sa'an mahaifina, ba yadda zan yi in ba shi baya. Na cire abin toshe kunne, muka gaisa: ina gajiya, ina iyali, ya jikin Hajiya. Bai fi minti biyu ba. Da na juyo, hannuna da kansa ya ɗauki wata kwalbar albarushi ya juye, na sa harsashi, na danna. Sai na ga zanen da na yi wa sandata, wanda ke zuwa daidai bakin bututu in ɗuri ɗaya ne a ciki, ya tsaya sama da bakin bututu da kusan faɗin yatsu biyu. Na sake dannawa, bai motsa ba. Nan jikina ya yi sanyi. Na ɗaga hannu, mai kula da fili ya zo, muka kwance toshiyar gindin bututu muka zazzage. Ɗuri biyu ne cif a ƙarƙashin harsashi ɗaya. Na rasa wannan zagayen, amma ga yatsuna goma ina rubutu da su, alhamdu lillahi.

Don Allah wanda abin ya faru da shi da kansa nake son ji, ba na ji an ce ba.

Ɗan Maraɗi (Karolina ta Arewa)

Wa alaikumus salam, Yaya. Allah ya ƙara tsarewa. Ni waya ce ta katse ni, kuma ni na ja kunamar.

Lokacin da Savage 10ML-II nake harbi. Waɗanda suka daɗe a harkar sun san ta: ita ce bindigar kamfani da ta fitar da wannan salon ga jama'a a farkon shekarun 2000, daga ƙirar Henry Ball, mutumin wannan jihar tamu. Kamfanin ya daina yin ta, shi ya sa yau kusan kowa ta maƙeri yake riƙewa. Ina danna harsashi sai waya ta yi ƙara, lambar gida ce, mahaifiyata kuma ba ta da lafiya a lokacin. Na saki sanda na ɗauka. Da muka gama magana hankalina ba ya jikina. Na zauna, na sa firama (ɗan abin da ke kunna wa albarushi wuta), na leƙa madubi, na ja. Ta cikin madubi ba ka ganin bakin bindigarka, to ban ga sandar tana tsaye a ciki ba.

Dukan da na sha a kafaɗa ban taɓa shan irinsa ba, madubin kuma ya fasa mini gira, sai da aka yi ɗinki. Sandar ban sake ganin ta ba. Da maƙeri ya duba, ya ce bututun ya kumbura daga ciki, ya zura tsumma ya nuna mini inda yake sakwarkwacewa in ya iso wurin. Ya ce kada in sake harbi da ita ko sau ɗaya, ban kuwa sake ba. Tun daga ranar wayata a mota take kwana in ina fili. Sandar kuma na yi mata mazauni a gefen dama na benci, na naɗa mata jan salatif. Sai idona ya gan ta a mazauninta kafin yatsana ya kusanci kunama.

Matashin Maharbi (Jihar Kano)

Malamai, ku yi haƙuri da tambayar ɗalibi. Mu nan bindigar toka muke fita farauta da ita, hayaƙinta na rufe ido, wankinta kuma wahala. In mutum ya samu wannan mara hayaƙin, zai iya zuba kaɗan a tamu?

Baban Hafsa (Kentaki)

A'a ƙanena, ko ƙwaya ɗaya. Don girman Allah kada ka gwada, kada kuma ka bari wani ya gwada a kusa da kai. Ba maganar yawa ko kaɗan ba ce. Baƙin albarushi da mara hayaƙi sunan kawai suka haɗa. Shi mara hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884, gwargwadon yadda aka matse shi gwargwadon saurin cinsa, sai ƙarfin da ke cikin bututu ya yi tsalle fiye da abin da ƙarfen bindigar toka zai ɗauka. Ko a nan Amurka, bindigogin ɗuri na kamfani da aka yi don baƙin albarushi an buga gargaɗin a jikin bututunsu. Tamu da ƙarfen bindigar zamani aka yi ta, toshiyar gindinta ma ƙira ce daban, kuma duk da haka ka ji abin da ɗuri biyu ya kusa jawo mini. Baƙin albarushi da ɗan mudu ake auna shi, wannan kuwa sai a sikeli, da ma'aunin da ake kira giren, wanda guda 7,000 ne ke cika fam ɗaya.

Jikan Sarkin Bindiga

Salamu alaikum. Ni ban taɓa taka Amurka ba, ban kuma taɓa riƙe irin bindigarku ba, amma abin da kuke faɗa na gan shi da idona, don a gidan 'yan bindiga na tashi. Shekara da shekaru ina cikin ayarin da ke buga bindiga a hawan Salla.

Mu abin da ke katse mu hayaniya ce. Ku ashirin ko talatin kun jeru, ga tambura, ga algaita, ga dawaki, kowa ya tashi bindiga lokaci guda. A cikin wannan ƙara da hayaƙi, mutum zai ja kunama tasa ba ta tashi ba, shi kuwa ya ɗauka ta tashi. Sai ya sake ɗurawa a kan na farko. Haka ta faru da wani ɗan ƙanen mahaifina, yaro mai natsuwa, ba mai rawar kai ba. Ina tsaye bai fi taku biyar tsakaninmu ba. Bututun ya tsage kamar an fasa kara, ya tafi da yatsunsa biyu na hagu. Mu ko harsashi ba ma sawa a hawa, albarushi ne da tsumma kawai, amma ya isa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kakanmu ya koya mana maganin abin tun muna yara. Kafin ka zuba komai, ka fara zura sanda a bututu. In ba komai a ciki za ta faɗa har ƙasa ka ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, in da ɗuri za ka ji ta dira a kan abu mai laushi, tsawon da ya shige ciki kuma ya ragu. Duk mun sani. Sauri ne ya sa aka bari, kowa na son kada a tashi bindiga ba da shi ba a gaban Sarki. Da na karanta zancen zanen sandarka, Baban Hafsa, sai na ce ashe ilimin ɗaya ne. Ɗana Matashin Maharbi, ka ji maganar yayanka ka riƙe.

Maman Yusra (Indiyana)

Baba, Allah ya ba ɗan'uwanku lada a kan wannan rashi. Ni zan ɗan saɓa wa Yaya Baban Hafsa a wuri ɗaya: ban ga laifin gaisuwar ba. In ba dattijon ba ne, wani abu ne daban zai zo, ko iska ta ɗauke takarda, ko mai kula da fili ya ce a tsagaita wuta. Katsewa dole ce. Tambayar ita ce, in ka juyo, me zai gaya maka inda ka tsaya ba tare da ka dogara da tunaninka ba?

Ni da baƙin albarushi na fara, a garin Friendship da ke kudancin jiharmu, inda ƙungiyar masu bindigar ɗuri ta ƙasa, NMLRA, mai tarihi tun 1933 ke yin manyan gasanninta a watan Yuni da Satumba. Can ba a harbi da mara hayaƙi. A can na yi tawa mantuwar: wata mata ta tambaye ni wani abu game da mayafina, na amsa, na juyo na danna harsashi ba albarushi a ƙasa. Na ja, shiru. Wani tsoho a bencin kusa ya ce in bar bakin bindigar yana kallon allo, in jira, don wani lokaci wuta kan makara. Bayan mun jira aka fitar da harsashin da iskar gas ta ɗan gwangwani. Mantuwa mai sauƙi ke nan, amma ta nuna mini cewa kaina ba abin dogaro ba ne a kan layi.

Da muka koma gasar mara hayaƙi ni da maigida, sai na sa ya huda mini katako layi-layi. Kowane layi rami uku: kwalbar albarushi da aka auna tun a gida, harsashi, firama. Layi ɗaya harbi ɗaya. Kwalbar da na juye, a kife nake mayar da ita ramin, ba murfi. In an katse ni, katakon nake kallo. Kwalba a kife, harsashi na nan: albarushi na ciki. Ba na ajiye kwalabe a tare cikin jaka inda hannu zai lalubo ta biyu. Yaya, naka kwalaben a ina suke ranar?

Injiniya (Ohayo)

Hajiya ta taɓo wurin. Ni ban taɓa yin ɗuri biyu ba, Allah ya kiyaye, amma katsewa ta sha cinye mini maki, kuma wannan ɓangaren ba a cika maganarsa ba.

A bindigar zamani masana'anta ce ta haɗa maka harsashi, kowanne kamar ɗan'uwansa. Mu kuwa a kan benci muke haɗa namu, ɗaya bayan ɗaya, ga agogo na tafiya. Ƙarfin da ka danna sanda da shi a harbi na ɗaya, shi ake so a na biyar. Lokacin da nake amfani da harsashi mai rigar roba, zafin bututu ne babban abokin gabana: roba in ta daɗe a bututu mai zafi sai ta yi laushi, ta kasa riƙe iska, harsashi ya bauɗe. Wata rana a yadi 200 na jera huɗu kusan a rami ɗaya. Na ɗura na biyar ke nan aka ce a tsagaita, allon wani ya faɗi. Na cire firama na koma baya kamar yadda doka ta ce. Da aka dawo na harba, ya faɗa can gefe, nesa da 'yan'uwansa da fiye da inci uku. A gasar da ake auna tazarar hujoji biyu mafi nisa, wannan ɗayan shi ne makinka, sauran huɗun ba su da amfani.

Daga baya na bar roba, na koma harsashin da ake matsewa ta cikin ƙarfen awo har ya yi daidai da cikin bututunka. Ya fi jure zafi, amma shi ma yana da nasa: in bai zauna daram a kan albarushi ba, aka bar sarari a tsakani, bututu na iya kumbura. Don haka ko ba a katse ni ba, zanen sanda nake dubawa kowane harbi. Kuma duk ranar da ka canza nauyin harsashi ko irin albarushi, tsohon zanen ya tashi aiki, sai ka yi sabo.

Ɗan Maraɗi (Karolina ta Arewa)

Game da gaisuwa, Yaya: amsa sallama ba ta cin daƙiƙa biyu, kana iya amsawa idonka na kan sanda. Abin da ke biyo bayanta ne mai tsawo. Turawan filinmu in suka ga mutum da sanda a hannu, tsayawa suke daga baya har sai ya ajiye. Baƙonmu bai san haka ba sai mun gaya masa tun a mota.

Baban Hafsa (Kentaki)

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, amsar tambayarki: a cikin jaka suke, goma a haɗe, cike da wofi duk wuri ɗaya. Kin gano ni. Jiya da daddare na huda katakon.

Baba Jikan Sarkin Bindiga, maganar zura sanda kafin a zuba komai ban taɓa mayar da ita al'ada ba, bayan ɗuri kawai nake dubawa. Yanzu na yi wa sandata zane na biyu, na bututu wofi.

Dattijon kuma na je gidansa bayan la'asar. Ashe ya kwana da damuwa, yana ganin shi ya jawo. Na ce masa ni ne ban yi masa bayani ba, na nuna masa sandar da zanen guda biyu, ya juya ta a hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce zai sake zuwa gasar wata mai zuwa, zai zauna a bayan igiya, in na ajiye sanda in ɗago masa hannu sannan mu gaisa.