Neman shawara: ina so in rage wa tsohuwar Hilux ɗin Babanmu tsawo, kuma kuɗin hannuna kaɗan ne

Magajin Baba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya mini a rai.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara bayan Babbar Sallah, ya bar akori-kura Hilux 'yar 1992, fara, mai injin fetur 22R. Da ita ya yi fiye da shekara ashirin yana ɗauko hatsi daga ƙauyuka zuwa Dawanau, da ita ya ciyar da mu ya aurar da yayyenmu mata. Da aka zo rabon gado yayyena biyu suka ce a sayar. Ni na ce a yi mata kuɗi a cire a kasona. An kai ruwa rana, sai da kawunmu ya sa baki, kuma har yau gaisuwa ce kawai ke haɗa ni da babban yayanmu, don yana ganin an karyar mini da ita. Alhali lokacin tana kan duwatsu, babu taya biyu, batir ya mutu, kaji na ƙwai a gidan gaba. Babur ɗina na sayar na yi mata ringi, na sa kuloci, na yi fenti. Ba wanda ya taimaka mini da ko sisi.

To yanzu bayanta ya yi sama ƙwarai, kamar raƙumi zai durƙusa. Ina so in sauke bayan da inci uku, gaban da inci biyu, ta zauna daidai. Dubu tamanin nake da ita, ba ƙari. Na je wajen kanikawa uku. Na farko ya ce a gasa sifirin da wutar walda ya kwanta, na biyu ya ce a zare ganye, wato a rage fallayen ƙarfen da aka jera suka zama sifirin ɗin baya, na uku ya ce shi ba zai taɓa ba. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, ka ba mu labarin gado kaf, amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Mai ja biyu ce, wato tayoyin baya kaɗai inji ke juyawa, ko mai ja huɗu? Ganye nawa ne a kowane gefe? Me kake ɗauka da ita? Amma tun kafin ka amsa, wanda ya ce a gasa sifirin kada ka sake komawa garejinsa. Shekarata talatin da ɗaya a wannan sana'a. Ƙarfen sifirin horarre ne, da wuta aka ba shi ƙarfinsa tun a kamfani, in ka sake sa masa wuta ka kashe shi. Zai kwanta yau ka ji daɗi, ya ci gaba da kwanciya, gefe ɗaya ya fi ɗaya, ran da ka faɗa rami da kaya ya karye daidai inda aka gasa. In babban ganye ne ya karye, aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, ya goce, motar ta bi inda ta ga dama.

Ɗan Panteka:
Oga, a yi mana afuwa, amma mu nan Kaduna mun sha gasawa. Na gasa wa wata 504 kuma tana nan tana yawo. Hannu ne kawai, wani ya iya wani bai iya ba. Malam Magaji, da dubu goma an gama maka, ka riƙe sauran ka sha mai.

Oga Bakanike:
Wadda ka gasa ka gani tana yawo. Waɗanda suka karye a hanyar Birnin Gwari ba wajenka ake dawo da su ba, wajen irinmu ake jawo su.

Magajin Baba:
Na gode Oga. Mai ja biyu ce. Yanzu na shiga ƙarƙashi na ƙirga, akwai ganye biyu a kowane gefe da launinsu ya bambanta, sun fi sauran kauri. Na tambayi Hajiyarmu, ta ce Baba ne ya sa aka ƙara saboda buhuna. Ni hayar kujeru da kanofi nake yi da ita, gidan biki da wajen suna, wani lokaci da janareta. Kuma Hajiya ƙafa ta dame ta, in zan kai ta asibiti da ƙyar take hawa.

Oga Bakanike:
To ai ka ba kanka amsa. Motarka ba tsawo gare ta ba, ƙari aka yi mata. A zare ganye biyun nan da Baba ya sa, a wanke sauran, a duba ko akwai mai tsaga, a sa sabon ƙusan tsakiya mai riƙe ganyen da sababbin bushin, wato robobin da ke bakin sifirin inda aka ɗaure shi, a ɗaure. Bayan zai sauko da kansa, kuma za ta daina dukanka a ƙugu in babu kaya. Kujerun roba ba buhun masara ba ne, ba sa buƙatar wannan ƙarfin.

Gaban kuma ba sifirin mai naɗi ba ne a wannan samfurin. Sandar ƙarfe ce doguwa a kowane gefe, toshon ba, tana murɗewa in taya ta hau abu. A ƙarshenta ta baya, ƙarƙashin gidan gaba, akwai dogon ƙusa mai noti biyu. In an sassauta shi gaban ya sauka. Sai an ɗaga motar da jak tayoyin gaba sun bar ƙasa, a ƙirga zagayen da aka yi wa kowane gefe, a sauke, a zaga da ita kaɗan, a auna a daɓe mai daidai daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi. Inci ɗaya, in an matsa ɗaya da rabi. Fiye da haka hannun tayar zai zauna kan robar da ke tare shi, kowane rami sai ka ji shi a haƙoranka, boljoyin kuma, wato gaɓar da ke haɗa hannun da taya, ya riƙa mutuwa. Bayan nan dole alayimen, wato saita tayoyin gaba su daidaita, in ba haka ba cikin tayoyin gaba zai cinye kafin ka ankara. Wannan shi ne aikin, babu wani.

Tsohon Direba:
Ni abin da ke ba ni mamaki da yaran yanzu ke nan. Mu a zamaninmu ɗaga mota ake nema. Na tuƙa 504 akori-kura ta Kaduna, ta kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a can a 1975, shekara goma sha huɗu tsakanin Funtuwa da Gusau, ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba. Yau unguwarmu in aka yi ruwan Agusta Keke Napep ma sai an tura. Kowane layi matasa sun zuba tudun siminti don rage gudu, wani ya kai gwiwa, ba mai tambayarsu. Ɗana na biyu haka ya sayi ƙaramar mota mai kwanciya, wata biyu ya fasa botom filet, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaye bai sani ba, inji ya buga. Ni na biya, daga kuɗin fanshona. Har yau bai ce mini na gode ba.

Mai Hilux Abuja:
Baba, kowa da abin da yake so, ba laifi ba ne mutum ya so motarsa ta yi kyau. Malam Magaji, tawa 'yar 1994 ce, mai ja biyu, na sauke ta shekara biyu ke nan. Bulo na sa. A mai ja biyu aksil yana zaune ne a kan ganyen sifirin, to in ka sa bulon ƙarfe tsakaninsu aksil ya matso sama, bodi ya sauka daidai kaurin bulon. A mai ja huɗu aksil yana ƙasan ganye, shi ya sa bulo ɗaga ta yake yi. Amfaninsa ba ka taɓa ƙarfin sifirin ba, kuma ran da ka gaji ka cire. Sharaɗi: bulo ya zama curarren ƙarfe mai ƙusa a sama da rami a ƙasa don ya zauna a mazauninsa, guda ɗaya, ba a ɗora wani kan wani. Yubol, wato lanƙwasassun ƙusoshin da ke ɗaure aksil da sifirin, a sa sababbi masu tsawo, a sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki. Inci biyu ya isa.

Oga Bakanike:
Titin Abuja daban, lungun Kano daban. Kuma ka faɗa masa rabi ka bar rabi. Ka faɗa masa farantin da yubol ke ɗaurewa yana matsowa ƙasa? In ya wuce bakin wili, ran da taya ta fashe ƙarfen ne zai fara cakar kwalta. Wilinsa inci 14 ne, ba shi da sarari da yawa. Ka faɗa masa furofela, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, na iya fara rawa don kusurwarta ta canza? Sannan babbar magana: yawancin waɗannan Hilux ɗin suna da wani bawul na birki a jikin shasi ta baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinsa in an yi lodi bodi ya sauka, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka sa bulo, shi a ganinsa kullum lodi ne. Motar ba kaya, an yi yayyafi, ka taka birki, tayoyin baya su kulle, bayan ya juyo gaba. Sai an gyara wannan ƙarfen daidai da abin da aka sauke. Kanikawa nawa ne suka san da shi?

Mai Hilux Abuja:
Ni an gyara mini nawa, Oga. Ba ku kaɗai kuka iya aiki ba.

Magajin Baba:
Na gode duka. Amma gaskiya Oga, ba na son a cire ganyen nan. Na farko Baba ne da kansa ya sa aka ƙara su. Na biyu ban faɗa ba ɗazu, wani lokaci ina samun ɗaukar siminti ko bulon gini, buhu ashirin haka, kuma shi ya fi kawo kuɗi. In na zare ganye na rasa wannan. Shi ya sa maganar bulo ta fi kwanta mini. Kuma an ce mota in ta yi ƙasa tana rage shan mai, ga yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023.

Oga Bakanike:
Buhu ashirin tan ɗaya ke nan cif. Kana so ka ɗora mata tan ɗaya, kuma ka cinye inci uku daga ratar da ke tsakanin aksil da shasi. To ina aksil ɗin zai je in ka faɗa rami? Shasi zai doka. Zaɓi ɗaya za ka yi, ɗana, ko motar siminti ko motar ado. Maganar mai kuwa, a gudun cikin gari ba abin da za ka gani. Ka gyara kafireta, ka sa fulogi masu kyau, ka duba iskar taya.

Maman 'Yan Biyu:
Ni ban san komai a mota ba, amma ina karantawa raina na ɓaci. Maigidana haka yake, duk abin da ya samu sai ya kai wa tsohuwar motarsa, yau wili gobe fitila, kuɗin makarantar yara sai na yi adashi. Ƙanena, in don Hajiya ne, ka sa mai walda ya yi mata matakala a bakin ƙofa, ko ka ajiye 'yar kujera a motar. Dubu tamanin ɗin ka sayi maganin ƙafarta. Kuma ka je ka gaida yayanka, zumunci ya fi mota.

Magajin Baba:
Yaya, ina kula da Hajiya bakin gwargwado, maganinta bai taɓa yankewa ba, Allah shaida. Maganar yayana kuma ba ni na ɓata ba. Ba ado kawai nake nema ba. Janareta mu huɗu muke ɗaga shi saboda tsawon bayan, ranar Asabar saura kaɗan ya faɗo wa yarona a ƙafa. Kuma in ma ina son ta yi kyau, ai guminta na ci.

Akwai abin da ban faɗa ba. Jiya da yamma kafin in yi rubutun nan, ni da wani abokina mun riga mun sassauta ƙusoshin gaban. Ba mu ɗaga ta da jak ba, ba mu kuma ƙirga ba. Yanzu ta karkata hagu, sitiyari yana ja, kuma ƙusan dama ya ƙi motsi ko gaba ko baya. Sannan na riga na ba wani mai walda dubu goma sha biyar ya yanka mini bulo daga bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, inci uku. Ya ce kaurinsa ya isa.

Oga Bakanike:
Inna lillahi. Kada ka hau titi da ita haka. Ƙusan nan nauyin motar ne a kansa, ka murɗa shi da kaya a wuyansa, mai yiwuwa zaren ya ci. A ɗaga ta, a jiƙa shi da mai ya kwana, in zaren ya lalace a nemo wani a Ƙofar Ruwa, kada a yi masa walda. Bututun nan kuma mai rami ne a ciki, yubol zai matse shi ya lotsa, ɗaurin ya saki. Ka bar wa mai waldan, ka ɗauka sadaka ka yi.

Ɗan Panteka:
A cika cikin bututun da guntayen ƙarfe a toshe bakin, ba abin da zai same shi. Oga yana tsorata yaron mutane ne kawai.

Tsohon Direba:
Marigayin da ya ƙara ganyen nan ya san hanyar da yake bi. Ku bar motar bawan Allah yadda ya bar ta.

Magajin Baba:
Oga na ji maganar jak, gobe da safe zan nemo. Amma bulon na riga na biya, kuma mutumin ya ce ya sha yi wa mutane. Zan gwada na mako ɗaya in gani, ba zan ɗauki siminti ba. Tambayata yanzu, yubol masu tsawo sun yi mini tsada, saura dubu sittin da biyar kuma ga alayimen. In aka yanka tsofaffin aka ƙara musu tsawo da walda, zai riƙe?

Oga Bakanike:
Ba zai riƙe ba. Na faɗa maka abin da na sani, ban da abin ƙarawa.

Mai Gwanjo:
Malam Magaji, in ka fasa gyaran ina da mai son irinta, in dai injin bai taɓa bugawa ba. Takardunta suna nan da sunan marigayin ko an canza?