Ranar Litinin za mu ajiye aiki, wa zai riƙe gida?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibitin jiha. Ƙungiya ta ce mu shiga yajin aiki kan bashin alawus. Duk wata ana cire min bashin kofareto daga albashi. In aka tsayar da albashi, ƙungiya na ba da wani abu? Za a iya kora ta?

Malam Sakatare: Wa alaikumus salam Hajiya. Sashe na 43 na dokar saɓanin ƙwadago ya ba gwamnati damar hana albashin kwanakin da ba a yi aiki ba. Asibiti kuma yana cikin ayyukan da rayuka suka dogara da su, dole a ba da sanarwar kwana 15. Ki nemi ganin takardar, ki duba kwanan wata. Ki tambaya ko 'yan ƙungiya sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da yajin.

Barista A.: Malam, ka tsaya a rabin hanya. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya cire masu irin wannan aiki daga waɗanda aka yarje wa yajin aiki. Ba kasafai ake kora ba, amma in an je kotu, nan za a kama ƙungiya.

Malam Sakatare: Barista, ku littafi kuka sani. Wanda ya zauna teburin sulhu ya san ana sa sharaɗin kada a hukunta kowa kafin a janye.

Ɗan Samaru: Wane sharaɗi? Malaman jami'a sun yi wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A Satumba kotun ma'aikata ta ce su koma aiki. Albashin wata huɗu aka saki a farkon 2024, bayan naira ta zube, kuɗin ba su sayi abin da za su saya a da ba. Mutane sun sayar da mota da fili, an cire yara daga makaranta. Kofareto ma ta ƙafe, tunda daga albashi ake cika ta.

Hajiya Ma'aji: Maman Ihsan, rubuta wa kwamitin kofareto takarda yau, ki nemi a dakatar da cirewa har albashi ya dawo. Bashin banki ya fi haɗari: ruwa na ci gaba da hawa, kuma ta BVN suna iya ɗiba daga asusunki na wani bankin. Ki sayi abincin wata uku. Dubu ɗari da hamsin za ta kai gida mai mutum shida, in masara da wake da manja ne.

Ɗan Samaru: Dubu ɗari da hamsin? Hajiya, ko wata biyu ba za ta kai ba, ba a sa gas ba.

Bala Direba: Ku zo in koya muku tuƙa Keke Napep, mu ba a tsayar mana da albashi 😂

Abu Yasir: Tambayata ita ce, kuɗin ƙungiya da ake yanka duk wata ina suke zuwa? Reshe na samun kaso kaɗan, sauran ya tafi uwar ƙungiya, ba wanda ya ware asusun yajin aiki.

Malam Sakatare: Ana karanta lissafi a babban taro, ku ne ba kwa zuwa.

Abu Yasir: A karanta da baki daban, a raba mana a takarda daban.

Maman Ihsan: Na gode. To in na je aiki ranar Litinin saboda marasa lafiyan da ke kwance, ƙungiya za ta ci ni tara?