Kada ku bar kwamfutarku ta kwana a shagon gyara

Ɗan Bukoki: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Raina a ɓace yake tun jiya. Kwamfutata ta riƙa mutuwa da kanta in ta ɗau zafi, fankar ciki tana kuka kamar injin niƙa. Na kai ta wurin wani mai gyara a nan Yamai, ba zan faɗi shagonsa ba. Ya kwance ta a gabana, ya zaro ƙurar da ta toshe fankar, ta dunƙule kamar auduga. Sai ya ce in bar ta ta kwana, in ba shi lambar sirri zai duba sauran. Na ba shi. Da safe na tarar ya share komai ya zuba sabuwar Windows, alhali ban sa shi ba. Na ce ina takarduna? Ya ce in kwantar da hankali, ya kwashe su a diskinsa. Ya jona diskin ina tsaye, sai ga hotunan sunan ɗiyata, da hotunan maiɗakina a tsakar gida ba mayafi, da kwafin katin shaidata, kusa da na wasu mutane barkatai, kowa da sunansa. Ya karɓi jika uku. Na dawo gida na share abin da ya zuba, na sa Linux Mint, wata manhaja mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, da hannuna, kyauta, na kulle diskin da lambar sirri tun daga tushe. Duk wanda ya bar kwamfutarsa ta kwana a shago ya baje asirin gidansa a kasuwa. Yanzu ku ba ni shawara, yaya zan yi ya goge hotunan iyalina?

Hajiya Babba: Innalillahi. Allah ya rufa mana asiri.

Mai Gyara: Yaya, na ji ba daɗi, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Kyauta? Linux Mint ɗin da ka sauke ta kusa jiga 3. Da wane intanet ka sauke ta? Forfe ka saya ko daga sama ta faɗo? Kile USB ɗin da ka ɗora ta a kai, tsintar shi ka yi? Ku daina cewa kyauta kuna ruɗin mutane.

Ɗan Bukoki: Ƙanena, nufina ban biya kuɗin lasisi ba. Ba nan maganar take ba.

Mai Gyara: Nan take. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya zauna shekara da shekaru yana rubuta abu ya ba ka bai karɓi ko dala ba, akwai abin da yake nema a jikinka.

Ɗalibar Jami'a: Yaya Mai Gyara, ka yi haƙuri, ka haɗa abu biyu. Da faransanci akwai gratuit, akwai libre. Na farko abin da ba a biya ne, na biyu abin da ba a ɗaure shi ba. Richard Stallman ya fara aikin GNU a 1983 saboda na biyun: a bar mutum ya yi aiki da manhaja yadda yake so, ya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki ya fitar da zuciyar Linux, wato ginshiƙin da sauran manhajar ke tafiya a kansa, a 1991. Rubutun a buɗe yake, duk wanda ya iya karantawa zai ga abin da ke ciki. Kuma wayar Android da kake amsa mana da ita, a kan zuciyar Linux ɗin aka gina ta.

Malamin Lisse: Madalla ɗiyata. Amma kenan kin yarda Ɗan Bukoki ya yi kuskuren kalma. A Hausa kyauta abin da wani ya miƙa maka ne da hannunsa, ka san shi, ka yi masa godiya, har ka ba ɗan aike tukwici. Wa ya miƙa masa Linux? Wa zai yi wa godiya? Abin da ya dace a ce shi ne ƴantacciya.

Ba'adare: Malam, wanga gyara naka bai yi ba. Ƴantacce bawa ne da anka sake. Yaushe anka taɓa bautar da Linux? Mu nan Tawa in abu ba a biya nai, kyauta muke ce mishi, ko ka san mai shi ko ba ka sani ba. Ruwan randar bakin masallaci wa kake ma godiya?

Malamin Lisse: Wannan sadaka ce, ba kyauta ba. Shekara ashirin ina koyarwa, ba yau zan koyi bambancinsu ba.

Ba'adare: Hwaransanci kake koyarwa, Malam, ba Hausa ba.

Malamin Lisse: Ka iya bakinka. Ni ma Bahaushe ne, Maradi aka haife ni.

Ustaz: Ku yi haƙuri da juna. A ganina abin ya fi kama da waƙafi. Mutum ya haƙa rijiya ya bar wa jama'a, kowa ya sha, ba mai ikon rufe ta ya ce tasa ce shi kaɗai. Yadda ƴar'uwa ta bayyana, haka na fahimta.

Ɗalibar Jami'a: Ustaz ka kusa sosai. Lasisin da Linux ke kai, GPL, ya ce in ka gyara ka raba, dole ka bar gyaranka a buɗe kamar yadda ka same shi. Amma bai hana sayarwa ba. Akwai kamfanonin da ke cin abinci da Linux, suna sayar da aikin kulawa da ita.

Mai Gyara: To ga shi nan! Ana sayarwa. Ina kyautar take?

Ɗan Bukoki: Jama'a don Allah. Hotunan matata suna hannun wani mutum a wannan daren.

Ma'aikacin Ofis: Akwai dokar kare bayanan sirri a ƙasar nan tun 2017, akwai kuma hukumar HAPDP da aka kafa domin haka. Amma ni abin da zan ce, in maganar kyauta ce, Windows ma kyauta ce a Yamai. Wa ya taɓa sayen lasisi a cikinku? Jika biyu ko uku ake ba yaro ya zuba, har da Word da Excel.

Ustaz: Wannan ba kyauta ba ce, ɗan'uwa. Mai abu ya sa wa abinsa kuɗi, an fasa makullin an shiga. Sunansa sata.

Mai Gyara: Ustaz, da girmanka. Mu ne ɓarayi kenan? Tun safe nake zaune cikin rana da ƙura da warin dalma, ina ciyar da mutum bakwai. Kuɗin aikina nake karɓa, ba kuɗin Windows ba. Ɗalibin da ya tara jika sittin da ƙyar ya sayi kwamfuta ta hannu, ka ce ya ƙara kuɗin lasisi? A ina zai samu?

Ustaz: Ban kira ka ɓarawo ba. Aikin na ambata da sunansa.

Mai Gyara: Duk ɗaya ne.

Ɗalibar Jami'a: Ni ba hukunci zan yanke ba, amma ku san haɗarin. Ƙaramar manhajar da ake fasa makullin da ita, sai an kashe antibirus kafin ta yi aiki, kuma ana ba ta iko a kan kwamfutar gaba ɗaya. Ba wanda ya san wa ya rubuta ta, ko me ya cusa a ciki. Ga wani abu kuma: Microsoft ta daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharaɗinta ba. Irin waɗannan kwamfutocin, nau'o'in Linux kamar Linux Mint ko Lubuntu suna tafiya a kansu lafiya lau.

Ma'aikacin Ofis: Suna tafiya har ranar da shugabanka zai aiko maka takardar Word mai tebura, ka buɗe ta a LibreOffice, madadin Word da Excel a kan Linux, ka ga layuka sun tarwatse. Na gwada Linux tsawon wata guda na koma Windows. Injin buga takardun ofis ɗinmu ma ƙin gane ta ya yi. Linux ta masu lokaci ce.

Ɗalibar Jami'a: Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya duka Linux suke amfani da ita tun 2017. Su ma masu lokaci ne? Jandarmomin Faransa ma sun koma kan Ubuntu, wani nau'in Linux, har suka yi tasu suka kira ta GendBuntu.

Ba'adare: Ɗiyata kin ɓata maganarki. In jandarmomin Hwaransa ne sheda, to ni na hita daga Linux ɗin. Mi ya kai ki can?

Ɗalibar Jami'a: Baba, misali ne kawai. Ubuntu ma ɗan Afirka ta Kudu ne, Mark Shuttleworth, ya kafa ta a 2004, kuma sunan kalmar Zulu ce.

Malamin Lisse: Kalmar tana nufin mutuntaka. Kun ga su sun san darajar zaɓen kalma.

Ba'adare: Malam ya dawo.

Hajiya Babba: Ni duk ban gane wannan ba. Amma in dai kyauta ce, ni ina tsoron ta. Shekaranjiya muna zaune da ƙanwata muna maganar atamfar biki, wayata tana kan tabarma. Da dare ina buɗewa sai ga tallar atamfa. Wayoyin nan suna saurarenmu, ba mai gaya mini akasin haka. WhatsApp ba kyauta ba ce? To da me suke cin abinci?

Mai Gyara: Hajiya kin gama magana. Shi nake faɗa tun ɗazu.

Ɗalibar Jami'a: Hajiya, wannan wata kyautar ce daban. Facebook ta sayi WhatsApp a 2014 a kan dala biliyan 19 na Amurka. Tun 2016 saƙonnin a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, ba mai karantawa a tsakani. Abin da ba a kulle ba shi ne wa kika yi wa magana, yaushe, da wace waya. Maganar talla kuma, ba sai an saurare ki ba. In ke ko ƙanwarki kun taɓa neman atamfa a intanet, ko kun tsaya kallon hotonta, kuma wayoyinku suna wuri ɗaya, ya isa.

Hajiya Babba: Ɗiyata, ni na ga abin da idona.

Malamin Lisse: Hajiya tana da hujja. Kafin Edward Snowden ya fasa ƙwai a 2013, duk wanda ya ce hukumar leƙen asirin Amurka tana tara bayanan wayoyin mutane, mahaukaci ake ce masa.

Ma'aikacin Ofis: Amurka ba ta da aikin yi sai sauraren hirar atamfa a Yamai? Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya tsoro.

Ustaz: Wannan magana ba daidai ba ce. Kowane gida yana da labule a ƙofar ɗaki, kuma ba don ana aikata laifi a ciki ba. An hana mu leƙen asirin juna, an umurce mu da sallama kafin shiga gidan mutane.

Ma'aikacin Ofis: Ustaz ɗazu ka kira rabin zauren nan ɓarayi.

Mai Gyara: Kuma har yanzu bai janye ba.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, an tabbatar Linux ba kyauta ba ce, tunda sai an sayi forfe, kuma ƴar'uwa da kanta ta yarda ana sayar da ita. Na biyu, mai aikin ofis ya zauna a kan Windows, ita kowa ya iya, ni ma shekara goma sha biyar ina aiki da ita ba ta taɓa ba ni kunya ba. Masu gyara ƴan'uwanmu ne masu neman halak, kada wanda ya sake jifan su da kalmar sata a nan. Ɗan Bukoki ma ya kamata ya gode da aka adana masa takardunsa ba su salwanta ba. Maganar kalma kuwa Malam ya fi mu sani. Na rufe.

Ba'adare: Wa ya tabbatar? Ni ban yarda ba.

Ɗalibar Jami'a: Ranka ya daɗe, ban faɗi haka ba. Yaya Ɗan Bukoki, kafin a rufe: in ka je, kada ka yarda ya danna gogewa kawai. Gogewa sunan fayil take cirewa daga jeri, hoton yana nan kwance a diskin har sai an rubuta wani abu a kansa, kuma akwai manhajojin da ke dawo da shi, masu gyara sun san su. Sai an bi wurin an rubuce shi.

Ɗan Bukoki: Na gode ƙanwata. Ranka ya daɗe, ban ga abin godiya ba, ban ba shi izinin buɗe hoton matata ba. Gobe ƙarfe tara zan koma shagon da yayan maiɗakina, mu tsaya a kansa har ya gama. In ya ƙi, takarda zan rubuta wa hukumar da Ma'aikacin Ofis ya ambata. Sauran mutanen da na ga sunayensu a diskin, na gane biyu, ƴan unguwarmu ne, kuma zan gaya musu da bakina.