Kwamfutocin ofaretoci na mutuwa mana: mu sayi sababbi ko mu koma saba ɗaya?

Injiniya_Sharada: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. A masana'antarmu ta man gyaɗa akwai kwamfutoci huɗu na ofaretoci, kowacce an zuba mata WinCC, manhajar Siemens ta kallo da sarrafa injina, a kan Windows 7. Ƙura da zafi sun kashe biyu a bana, ga shi Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020. Zaɓi biyu ne a gabana: in sayi sababbi huɗu, ko in ajiye saba ɗaya, wato babbar kwamfuta mai ɗaukar aikin duka, a ɗaki mai sanyi, a gaban ofaretoci a sa ƙananan akwatunan nan irin Dell Wyse da ke jawo hoton allo kawai ta RDP, hanyar Windows ta shiga kwamfuta daga nesa. Layinmu na cikin gida ne, ba ya haɗe da intanet. Wanda ya gwada na biyun, me ya tarar?

Ɗan_Kurna: Wa alaikumus salam. Oga ka sa TeamViewer kawai, ko daga gida ma sai ka riƙa duba injin a wayarka.

Maman_Haidar_PLC: Malam, ya ce babu intanet. Kuma ba kallo daga gida yake nema ba, ofareta ne zai zauna awa goma sha biyu a gaban allon. Injiniya, mu mun koma saba kuma mun huta da ƙura, don akwatunan ba su da fanka. In ɗaya ya lalace, ka cire ka jona wani, ofareta ya shiga ya tarar da allonsa yadda ya bar shi. Amma ka duba takardar sigar WinCC ɗinka tukuna, Siemens suna da sharuɗɗa kan amfani da RDP. Kuma lasisin WinCC daban, na Microsoft daban.

Baba_Tukunya: Yaro, ka saurare ni kafin ka sa hannu a takardar sayen komai. A inda na yi aiki an kawo ɗan kwangila ya yi mana irin wannan tsarin. Ya gwada, komai lafiya, aka biya shi ya hau jirgi. Ashe bai saka lasisin RDS ba, wato izinin Microsoft na mutane da yawa su shiga sabar ta RDP. Windows Server yana ba ka kwana 120 kyauta, in sun cika sai ya ƙi karɓar kowa. Mu ba wanda ya sani. Ranar da abin ya same mu cikin dare ne, wuta ta ɗauke, janareto ya karɓa, akwatunan suka sake tashi, kowanne ya ce ba zai shiga ba. Alluna shida, duk saƙo ɗaya. PLC, na'urar da ke sarrafa injinan, na can yana aikinsa, tukunyar tururi na wuta, amma ba mai ganin matsi, ba mai ganin ƙararrawa. Na tura yara da tocila suna karanta geji suna kira na a waya. Ƙarshe da hannu muka kashe layin, kayan da ke ciki suka lalace. Da gari ya waye ni aka kira ofis, ni aka ba takardar tuhuma. Ɗan kwangilar kuwa wayarsa ba ta shiga.

Sysadmin_Zariya: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Amma gaskiya wannan ba laifin RDP ba ne, sakacin wanda ya haɗa ne. Kuma ko lasisi ya ƙare, saba na barin mutum biyu su shiga a matsayin masu gudanarwa. Da an shiga ta nan an ga allon.

Baba_Tukunya: Da wace kalmar sirri? Wadda ya tafi da ita a aljihunsa? Kai ka taɓa tsayawa kusa da tukunyar tururi ƙarfe biyun dare, ko kwamfutocin ofis kake gyarawa?

Sysadmin_Zariya: Baba, ban raina shekarunka ba. Amma sabar ofis da ta masana'anta Windows ɗaya ce.

Baba_Tukunya: Ta ofis in ta tsaya, wasiƙa ce ke makara. Ba ɗaya ba ne.

Maman_Haidar_PLC: Ku duka kuna da gaskiya. Shi ya sa mu saba biyu muka saka, kowacce da UPS ɗinta mai riƙe wuta in ta ɗauke, sannan muka bar kwamfuta guda cikakkiya a kusurwa wadda ke magana da PLC kai tsaye. Saba ɗaya tak, wannan ƙwai ne duka a kwando ɗaya.

Injiniya_Sharada: Hajiya na gode. Amma saba biyu ai kuɗin ya wuce na kwamfutoci huɗu. Nawa akwatunan suke yanzu?

Ɗan_Kurna: Na hannu dubu 45 ne a Beirut Road, na tambaya da bakina.

AbuFatima_Challawa: Dubu 45 a ina? Wanda aka gaya mini dubu 120 ne, shi ma sai an aiko daga Ikeja. Na dubu 45 ɗin ka tambaya ko yana ɗaukar allo biyu, ka kuma tambaya ko da cajarsa.

Ɗan_Kurna: To ku sayi 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ku manna a bayan allo da salatif, magana ta ƙare. In ya yi zafi a yi masa fifita 😂

AbuFatima_Challawa: Bar wasa, akwai masu yin hakan. Ni abin da zan ce wa Injiniya, kada wani ya ruɗe ka da VNC, wata hanyar ganin allo daga nesa, don kyauta ne. VNC allo ɗaya yake nuna wa kowa, mutum biyu su riƙa jan linzamin kwamfuta ɗaya. Na ga ofareta zai rufe bawul, wani daga ofis ya ja masa linzami ya danna wani wuri. Haka RDP a kan Windows na gama-gari: da wani ya shigo daga nesa, na zaune a gaban kwamfutar an kulle masa allo. Kowane ofareta yana buƙatar nasa zaman daban da nasa sunan shiga, don a san wa ya taɓa me.

Sysadmin_Zariya: Wannan haka yake. Kuma duk abin da za a yi, kada ƙofar 3389 ta RDP ko 5900 ta VNC ta leƙa intanet. A Yukiren ranar 23 ga Disambar 2015, masu kutse suka shiga daga nesa, ofaretoci suna zaune suna kallon linzami na tafiya da kansa yana kashe tashoshin rarraba wuta. Kusan gidaje da wuraren kasuwanci 225,000 suka shiga duhu.

Injiniya_Sharada: Na faɗa a sama, ba ma kan intanet.

Baba_Tukunya: Haka kowa ke cewa. Je ka buɗe fanel-fanel ɗinka ɗaya bayan ɗaya. Ni na tarar da modem mai layin waya a ƙasan fanel, ɗan kwangila ya ɓoye don ya riƙa shiga daga ƙasarsu. Ba a rubuce yake a ko'ina ba.

AbuFatima_Challawa: Wallahi Baba ka taɓo inda ke mini ciwo. Mu namu 'yan kwangilar sun kulle shirin PLC da kalmar sirri. Injin namu ne, mun biya, amma ko lokacin jinkirin famfo za a canza sai an tura musu saƙo, su turo takardar kuɗi da dala, a jira sati biyu. Muna da yaran da suka iya TIA Portal, manhajar Siemens ta rubuta shirin PLC, an mayar da su masu ɗaukar hoton allo suna turawa ta WhatsApp.

Maman_Haidar_PLC: Tun wajen kwangila ake kashe wannan. A rubuta cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa shirin, da kalmomin sirri, da takardun lasisi da sunan kamfani.

AbuFatima_Challawa: Hajiya, wa ke kiran injiniya lokacin da ake sa hannu? Alhaji da akanta ne ke zama, mu sai ranar da kwantena ta iso muke ji. Akwai wanda ya taɓa karɓo kalmar sirri bayan an riga an biya kuɗi duka? Ta wace hanya ya bi?