Ƙwai 24 na zuba a inji, 'yan tsaki 6 na samu: ina na kuskure?

Uwar Wake-wake ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma yau abin ya ci tura.

Shekarata uku ina kiwon kaji a bayan ɗaki. Yanzu kaji 11 gare ni da zakara ɗaya, wani ja mai faɗin rai, wanda ko ni ba ya raga wa in na zo zuba musu abinci. Duk tsawon lokacin nan kajin ne ke kwanci da kansu, ni nawa in ƙirga 'yan tsaki. Sai kwaɗayi ya ja ni na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa, irin mai murfin roba da ake hango ƙwan ta sama. Yana da ɗan fanka a ciki, yana cin ƙwai 24, amma da hannu ake juya su.

Bari in faɗi duk abin da na yi ba ɓoye-ɓoye, don a gane inda na tafka.

Ƙwan kaji huɗu kaɗai na zaɓa, waɗanda na fi so, shi ya sa sai da na yi kwana 16 ina tarawa a kwano kafin su cika. Guda biyar sun ɓaci da kashi, na wanke su tas da ruwa na goge. Na saita zafin injin a digiri 37.5 kamar yadda takardarsa ta ce, na cika ramukan ruwa biyun da ke ƙasansa tun ranar farko, kuma ban taɓa bari sun ƙafe ba. Juyi sau uku kullum, na yi wa kowane ƙwai alama da fensir gefe da gefe don kada in ruɗe.

A kwana na 7 na kashe fitila na haska su da tocila. Huɗu fayau, ba komai a ciki. Biyu kuma akwai wani jan zobe da ya kewaye cikin, na cire su. Sauran 18 kuwa jijiyoyi ne shimfiɗe kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo yana motsi a tsakiya. Wallahi ranar har yara na taso daga barci su zo su gani.

Kwana 21 ya cika, shiru. Na kasa kunne a jikin murfin, ko tsit. Sai da yammacin kwana na 22 na ji kukan farko, ɗaya ya fito. Biyar suka biyo shi a kwana na 23, su ma da ƙyar, duk a galabaice. Akwai wani da ya huda ɓawo da safe, har la'asar bakinsa kaɗai ke leƙowa yana buɗewa yana rufewa. Tausayi ya kama ni, na ɗauko shi na fara ɓare masa da farce. Ina jan 'yar fatar nan ta ciki sai jini. Bai kai magariba ba. Kuma gaskiya a kwanakin nan uku ban san sau nawa na ɗaga murfin ba, in ɗauki wannan in kara a kunne, in mayar.

A kwana na 25 na haƙura na fasa 11 ɗin da suka rage. Uku tun suna ƙanana suka mutu. Takwas kuwa cikakkun 'yan tsaki ne, da gashinsu da farcensu, a jiƙe jagab, wasu gwaiduwar ba ta ma gama shigewa cikinsu ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai: sun yi duk doguwar tafiyar, sai a bakin ƙofa.

To, injin ne ba shi da kyau, ko hannuna ne? Ga kuma kazata wake-wake ta fara kwanci shekaranjiya, in ka miƙa hannu sai ta kumbura ta kai sara. In ba ta ƙwai in jefa injin nan a ƙarƙashin gado?

Tsohon Mai Akurki ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya mayar da alheri. Kin kyauta da kika fasa sauran kika duba, da yawa zubarwa suke yi su ce ƙwai ya yi dungu, alhali amsar tana cikin ɓawon.

Abin da na fara riƙewa a maganarki shi ne ranar da suka fito. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, ana ƙirgawa daga cikar awa 24 ta farko, ba a sa ranar da aka zuba a matsayin kwana ɗaya. In har haka kika ƙirga kuma duk suka makara zuwa 22 da 23, to zafin injinki bai kai ba. Zafi in ya yi yawa da wuri suke fitowa, in ya gaza sai su yi latti kuma su fito ba ƙarfi. Lambar da kike gani a fuskar injin, abin da ɗan ma'auninsa ya ji ne a inda aka maƙala shi, kuma ƙananan injinan nan suna yawan yin ƙarya. Ki samo ma'aunin zafin jiki irin na asibiti. Ki sa ruwa a ɗan ƙaramin kofi, ki ajiye a inda ƙwai ke zama, ki rufe injin ya yi awa huɗu ko biyar yana aiki, sannan ki tsoma ma'aunin ki karanta. Ki gwada tsakiya, ki gwada kusurwa. Mai fanka 37.5 ake nema a daidai tsayin ƙwan.

Sai ruwa, kuma ina zargin shi ne ya kashe miki takwas ɗin nan. Ƙwai yana numfashi ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawonsa, kuma dole ruwan cikinsa ya riƙa fita a hankali. Zuwa kwana na 18 ana so ya rage kamar kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa. Wato ƙwai mai giram 55 ya zubar da giram 6 zuwa 7. Gurbin ruwan da ya fita shi ke zama ɗakin iskar da ke can gefen da ya fi faɗi. Tsako kafin ya taɓa ɓawo, cikin wannan ɗaki yake fara cusa baki, nan yake shaƙar iskarsa ta farko. Ke kuma kin cika ramuka biyu tun ranar farko, laima ta yi yawa, ruwan ƙwan bai samu hanyar fita ba. Ɗakin iska ya tsaya ƙarami, tsako ya cusa baki ya tarar da ruwa. Shi ya sa kika gan su a jiƙe.

Kwana 18 na farko laima kashi 50 zuwa 55 ta isa, rami ɗaya ke nan a yawancin injinan. Daga ranar 18 sai ki daina juyi, ki cika na biyun ta hau 65 zuwa 70, ki rufe, ki ɗaure hannunki a baya. In ba ki da ma'aunin laima, ki zana iyakar ɗakin iskar da fensir ranar 7 da 14 da 18. In layin ba ya sauka, rage ruwa.

Tara ƙwai na kwana 16 ma ya yi yawa, bayan mako guda ƙarfinsa raguwa yake yi kullum. Ki ajiye su a wuri mai sanyi-sanyi, tsinin yana kallon ƙasa. Wanki kuwa, akwai wani siririn rufi da kaza ke shafe ƙwai da shi lokacin da za ta saka, shi ke tare ƙwayoyin cuta. Kin wanke shi kin buɗe musu ƙofa. Wanda ya ɓaci sosai kada ma ya shiga inji.

Mai Sagara Bakwai ta rubuta:

Yaya, ni dai ba ruwana da inji, bari in yi maganar wake-wakenki. Ki ba ta ƙwai mana! Zafin jikin kaza ya kai 41, ita ke juya abinta da baki, ita ta san lokacin tashi, kuma ba a ɗauke mata wuta.

Amma kada ki bar ta a inda sauran ke saka ƙwai. Ni abin da ya same ni ke nan a farko: ta tashi shan ruwa, wata ta haye ta ƙara mata sabo, kafin in ankara ƙwai 19 ne a ƙarƙashinta, na gefe duk sun yi sanyi. Da na farkon suka fito ta kwashi 'ya'yanta ta yi gaba, ta bar sauran da rai a ciki. Yanzu da dare nake ɗauke mai kwanci in kai ta keɓantaccen wuri, in bar ta kwana biyu a kan ƙwan da ban damu da shi ba. In ta zauna daram, sai in musanya mata da na gaske, duka a dare ɗaya, kowanne da alamar fensir. Goma zuwa 12 gwargwadon girmanta. In kin hango ƙwai yana leƙowa ta ƙarƙashin fiffike, sun yi mata yawa.

Abinci da ruwa ki ajiye ɗan nesa, yadda dole sai ta miƙe. Sau ɗaya take tashi a rana, ta ci, ta sha, ta yi kashin nan mai uban wari, ta yi birgima a ƙasa ta koma. Kada ki tsorata don ta bar ƙwan na minti ashirin ko talatin. Ki kuma riƙa ɗaga fiffikenta kina duba ƙuma da ƙwarƙwata, su ne ke korar kaza daga kan ƙwai saura kwana kaɗan.

Sabon Shiga ya rubuta:

Baba Mai Akurki, a gafarce ni, amma maganar ɗaure hannu a baya ban gamsu ba. Ni na taɓa ɓare wa guda biyu kuma suna nan, ɗaya har ya fara cara. A zuba ido ana kallo tsako ya mutu?

Tsohon Mai Akurki ya rubuta:

Ɗana, ka taki sa'a ne, ka same su sun riga sun gama shiri. Daga huda ɓawo zuwa fitowa tsako yakan ɗauki awa 12 har 24. Wannan buɗe baki da rufewa da Malama ta gani ba neman agaji ba ne, yana koyon numfashi ne, yana janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin jinin da ke jikin fatar kuma suna ƙafewa. Nata daga safe zuwa la'asar ne kawai. Ban ce ba a taimako sam ba. In ya wuce awa 24 bai ƙara ko tsaga ɗaya ba, fatar ta bushe ta manne masa, sai a jiƙa ta da ruwan ɗumi, a ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan ta gefen ɗakin iska. Ka ga jan jijiya, tsaya, mayar da shi. Kuma duk ɗaga murfin da aka yi don ɗaya, laimar sauran ce ke tsiyayewa. Wanda ya fito ma ba gaggawar cire shi, gwaiduwar da ya shanye tana riƙe shi kwana biyu ba ci ba sha.

Uwar Wake-wake ta rubuta:

Na dawo da bayani, ku yi haƙuri da jinkiri. Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta tabbata. Na yi gwajin kofin ruwa sau uku. Fuskar injin tana nuna 37.5, ma'aunin asibiti ya ce 36.6 a tsakiya, a kusurwar da ke nesa da fanka ma 36.3. Ashe mako uku na yi ina yi wa lamba biyayya. Na ɗaga saitin har sai da kofin ya nuna 37.5, na bar shi kwana biyu ba ƙwai ina lura da shi.

Ƙanwata Mai Sagara, na bi shawararki. Wake-wake tana cikin wani tsohon kwando a lungu, ƙwai 10 na ba ta, ta sare ni sau biyu a bayan hannu kafin ta yarda. Injin kuma ban jefa shi ƙarƙashin gado ba, 12 na zuba masa a daren da na ba ta nata, duk na kwana biyar zuwa ƙasa, ba wanda ya ga ruwa. Rami ɗaya na cika. Ina so in ga wa zai fi wani tsakanin ita da shi. Jiya kwana 7, na haska: nata tara da jijiya, na inji goma. Na zana layin ɗakin iska a kowanne, har da kwanan wata.

Wuta ta ɗauke mana kusan awa uku a kwana na huɗu. Ban buɗe ba, bargo na lulluɓa masa na bar ƙofar iskar, kuma ga shi ba su fasa girma ba.

Su kuwa shidan farko, biyar sun rayu. Ɗayan ni na jawo masa, a kan jarida na sa su, santsi ya baje masa ƙafafu bai ƙara miƙewa ba. Yanzu tsohon tawul ne a ƙasan kwalin, na zuba tsakuwa a mazubin ruwansu don kada wani ya faɗa. Ban ma ƙara duba ma'auni a wajensu ba: in sun cure a gindin fitila na san sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki sai in ɗaga ta. An ɗiga musu rigakafin cutar kaji ta Newcastle a ido, saura na cutar Gumboro.

Tambaya ɗaya ta rage. Tunda rana ɗaya za su fito, zan iya tura wa wake-wake na injin ta haɗa ta riƙe?

Mai Sagara Bakwai ta rubuta:

Za ki iya, Yaya, in ba su wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Ki bari su bushe, dare ya yi, ki cusa su ta bayanta ɗaya bayan ɗaya, ba fitila. Da asuba ki je ki tsaya a kanta, in kin ga tana saran wani ki ɗauke shi. Sai dai 19 sun yi wa kaza ɗaya yawa, ki ƙara mata huɗu ko biyar, sauran su bi fitila. Manyan nan biyar kuwa kada ki kai mata su ko kusa, ba za ta karɓe su ba.