Harshen bulalata yana cinyewa cikin kwana biyu, ina matsalar take?

Sabon Hannu, Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum. Ina koyon kaɗa doguwar bulala saƙaƙƙiya, irin ta makiyayan Amurka, mai ƙafa 8. Siririn zaren nan na can ƙarshe, wanda ke ba da ƙara, ba ya kwana biyu sai gezarsa ta ƙare, wani lokacin kuma ya ƙulle kansa. Zaren ne ba shi da kyau, ko hannuna ne? Kuma yaya ake yin sabo?

Baduku, Gangare:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko ka raba abu biyu. Bayan saƙar akwai tsirin fata guda ɗaya, shi ne wutsiya. A bakin wutsiyar ake ɗaura harshe. Harshen dama don ya cinye aka yi shi, domin shi ne ke wuce gudun sauti, wajen mita 343 a daƙiƙa, kuma ƙarar da kake ji fashewar iska ce, ba dukan ƙasa ba. Wutsiyar ce abin tattali.

Yin sabo ba ya kai minti biyar. Ka sami zaren nailan na masu gyaran takalma, ka yanki sili uku, kowanne santimita 70. Ɗaure bakinsu a ƙusa, ka ja su miƙe, ka yi ta murzawa gefe ɗaya har ka ji zaren yana neman nannaɗewa. Kada ka saki. Sa yatsa a tsakiya, ka haɗa bakin biyu, sannan ka bar shi ya tufke kansa a hankali kana shafa shi ƙasa. Inda ya lanƙwashe ya zama hanci. Daga hancin ka auna santimita 20 ka yi ƙulli ɗaya mai ƙarfi, ka bar santimita 4 bayan ƙullin, ka yanke, ka tsefe da allura ya zama geza.

Wajen ɗaurawa, zura bakin wutsiya ta hancin, ka zagayo da ita bayan harshen, ka cusa ta ƙarƙashin kanta, ka ja sosai. Bar ɗan baki kamar santimita 1 kada ya zame. In murzar ta yi sako-sako, harshen zai warware tun kaɗawa goma na farko. Ka yi guda goma a zama ɗaya ka zuba a aljihu.

Mai Horon Dawaki, Rayfield:
Abin da Baba ya faɗa daidai ne, amma kwana biyu ya yi kaɗan ƙwarai, kuma ina zargin filin da kake kaɗawa. Ƙasar Jos tsakuwa ce da burji. Duk lokacin da harshen ya ja ƙasa, kamar ka goga shi a dutsen wasa wuƙa ne. Siminti da kwalta sun fi muni, har wutsiyar suke ci. Nemi ciyawa gajera wadda ta bushe. Raɓar safe tana jiƙa geza ta manne, ƙarar ta mutu, sai ka ƙara ƙarfi, ƙarfin kuma shi ke tsinka zare.

Ƙullewar kuwa daga hannu take. In ka fizgo gaba kafin bulalar ta gama miƙewa a bayanka, harshen yana faɗawa cikin lanƙwasarsa. Jira ta miƙe, sannan ka turo a hankali kamar mai jefa ƙugiya a ruwa. Ka riƙa dubawa bayan kaɗawa kaɗan, ƙullin da aka gani da wuri allura ke kwance shi, wanda aka ci gaba da kaɗawa a kansa sai wuƙa. Kuma don Allah ka sa tabarau da hula mai faɗin baki da riga mai dogon hannu, harshen kan tsinke ya tashi, ido kuma ba shi da na canji.

Baduku, Gangare:
Haka ne, Malam. Ƙari ɗaya saboda hunturu ya kusa: kada ka shafa wa harshe mai, zai kwashi ƙura ya yi nauyi. Wutsiya ce ke son mai, in ta fata ce. Kitse da ɗan kakin zuma, ka murza da yatsa kafin ka fara da bayan ka gama, don iskar hunturu tana busar da ita ta tsage daidai wurin ƙulli. Ban da baƙin mai. In za ka cire tsohon harshe, yanke zaren ka zare shi, kada ka yanke fatar, in ba haka ba kowane canji wutsiyarka na raguwa.

Hajiya Mai Saƙa, Bukuru:
Ɗana, ga mai koyo ni na fi son zaren roba na ɗinkin buhu, wanda ake samu wajen masu hatsi a kasuwar Katako. Bai kai nailan daɗewa ba, amma ba ya yawan ƙullewa, ba ya shan ruwa, kuma yana ba da ƙara ko da hannu bai yi ƙarfi ba. Sili biyu sun isa. In gezar ta ragu ta kusa ƙulli, ko ƙarar ta koma kamar tafi a cikin bargo, canza shi kawai.